Mai Talla Babu Murya

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni haifaffen Aboabo ne a Kumasi, a nan na girma, a nan na yi aure, a nan nake har yau. Wanda ya zauna tsakanin Aboabo, Asawase, Sawaba da Alabar a shekarun baya, da wuya a ce bai taɓa jin muryata ba, ko da bai san fuskata ba. Sana'ata talla ce. Ban taɓa mallakar shago ba, kayan mutane nake yi wa shela: mai gyaran famfo, tela, mai magani, mai robobi da tukwane, duk wanda ke son a san da zamansa. Da wannan murya na ci na sha, na biya haya, na sa yara makaranta, sai ga shi wata rana ta ɗauke. Ina ba da labarin ne ko Allah zai sa wani mai ci da maƙogwaronsa, ladan ne, malamin makaranta ne, yaron motar haya (trotro) ne, ya tsinci abin da zai amfane shi.

Fataucin goro ne ya kawo kakana daga ƙasar Kano, kamar kakannin da yawa daga cikinmu 'yan zango. Ya zo da niyyar komawa, aure ya riƙe shi. Mahaifina ya gaji sana'ar, amma a lokacinsa kasuwar ta fara sanyi, don haka koko da ƙosan mahaifiyata ne suka riƙe gidan. Ni ne babba, ni ake ɗora wa tire. Kafin in tafi makarantar allo sai na zaga lunguna, kuma nakan riga sauran yara sayarwa. Mahaifiyata takan ce farin jini ne. Ni dai na san dabarata: na yi wa kirana wata 'yar karya a ƙarshe irin ta masu bege, ta yadda mace tana ƙuryar ɗaki za ta gane ni ne ke wucewa. Malaminmu ya so in zama ladan, Allah bai nufa ba.

Da na tasa sai na bi wani dattijo mai sayar da magani a mota. Duk wanda ya saba tafiya a Ghana ya san su, mota na barin tasha wani zai miƙe da jaka ya fara da roƙon Allah ya kai mu lafiya. Maigidan nawa ya koya mini abin daki-daki. Ka sallami direba da yaronsa tukuna. Ka buɗe da addu'a, da Twi saboda Tonawa, da Hausa saboda 'yan arewa. Kada hannunka ya taɓa jaka sai ka sa mutane dariya. Sannan ka shiga maganar ciwon, ka yi ta siffanta shi har tsohuwar da ke kujerar baya ta fara gyaɗa kai, to a nan ne za ka fito da kwalba. Idan hanyar Tamale muka bi mu sauka Offinso mu tari mai dawowa, idan ta Accra ce mu sauka Ejisu ko Konongo. Babu lasifika, maƙogwaro ne tsirara yake kokawa da ƙarar inji da iskar taga. Ina saurayi, ban san murya na gajiya ba.

Bayan na yi aure na bar bin mota. Na harhaɗa kuɗi na sayi tsohuwar amfilifaya da batirin mota da kahonnin lasifika, na kafa dogon ƙarfe a kan wani ɗan kiyos a bakin hanya, irin abin da ake kira infomeshan santa. Ana idar da sallar asuba nake kunnawa. Sanarwar rasuwa da lokacin jana'iza, ɗaurin aure, suna, yaro ya ɓata, tunkiya ta tsinke. Ta rasuwa da ta ɓatan yaro ban taɓa karɓar ko kwabo ba. A tsakaninsu nake saka talla, kuma shi ne abincin. Da rana in shiga kasuwa in ɗaukar wa 'yan tebur murya a ƙananan lasifikokinsu masu maimaita magana, su rataye ta yi ta yi har batir ya mutu. Akwai lokacin da in na ratsa daga Alabar zuwa kasuwar Kejetia nakan ji kaina ina tallan maganin ɓera a hagu, ina tallan zanin gado a dama.

A watan Yulin 2007 da aka canza kuɗi, sidi dubu goma ya koma sidi ɗaya, mun sha aiki. Kowane farashi sai na faɗa sau biyu, sabon kuɗi da tsohon, in ba haka ba tsofaffi su ce ana so a cuce su. Har gobe akwai Hajiyoyin da in ka ce sidi ɗari sai sun tambaye ka, miliyan ɗaya ke nan? Da gidajen rediyo masu shirye-shiryen Hausa suka samu gindin zama, irin su Zuria a nan Kumasi da Marhaba a Accra, mutanenmu suka ƙara gane amfanin talla, mu ma na unguwa kasuwarmu ta buɗe. Ko dumsor ɗin 2015, wato yawan ɗauke wutar lantarki, bai kashe ni ba, don da batir nake aiki, kuma masu fitilar caji da masu gyaran janareto layi suke yi.

Bari in ɗan tsaya a kan sana'ar kanta, don in ba a fahimce ta ba ba za a fahimci abin da ya fitar da ni daga baya ba.

Tallan kayan gida shi ne mai sauƙi. Bokiti ne, ka ɗaga shi sama ka maka da ƙasa a gaban jama'a, in bai fashe ba ka gama magana. Kula ce ta abinci, ka zuba ruwan zafi da safe ka buɗe da azahar mace ta sa yatsa. Mai saye yana gani, yana taɓawa, in ya saya ya yi da idonsa.

Na masu aikin hannu ya fi nauyi. In na ce wane ya iya wayarin, ko wane birkila ne na ƙwarai, mutum zai buɗe masa gidansa ya ba shi kuɗin kaya a kan maganata. Ranar da ya karɓi kafin alƙalami ya ɓace, ba gidansa za a je ba, kiyos ɗina za a zo, kuma an zo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa na ɗauki al'adar zuwa in ga aikin mutum da idona kafin in ambaci sunansa, in tambayi wanda aka yi wa. Na sayi babban littafi mai bangon kwali, ina rubuta kowa: sana'arsa, inda yake zama, lambarsa, wanda ya tsaya masa, da abin da aka ce game da shi. Wane aikinsa na da kyau amma ba ya cika alkawari. Wane yana da tsada amma ba a sake kiransa a kan aiki ɗaya. Makanikan Suame Magazin, unguwar gyaran motoci, kaɗai sun cinye shafuka da dama. A lokacin na ɗauka kare kaina kawai nake yi daga masu zuwa faɗa.

Sai tallan magani, wanda ya fi kowanne kawo kuɗi, ya kuma fi kowanne hana barci. Ba na cikin masu cewa maganin gargajiya duk ƙarya ne. Da sassaƙe da saiwa aka raine mu, kuma gwamnati da kanta tana da cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong ta Akuapem tun 1975. Amma mai saye ba ya ganin abin da ke cikin kwalba, murya kawai yake saya. Tun 2012 akwai dokar lafiyar jama'a, Act 851, wadda ta ce ba a tallan magani sai hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta amince da maganin da kuma kalaman tallan, ta kuma hana a yi shelar cewa ana warkar da wasu cututtuka, ciki har da ciwon sukari, hawan jini, ciwon daji da raunin mazakuta. To waɗannan ɗin su ne ainihin abin da mai magani yake so ka faɗa da ƙarfi, don su ne ke fitar da kuɗi daga aljihu. Kullum cikin ciniki muke a kan kalma. Ya ce ka ce yana warkarwa, ka ce a'a, sai dai yana taimakawa. Wani ya yarda, wani ya ɗauki kwalbarsa ya tafi wurin wanda zai faɗa.

Da hunturun ƙarshen 2019 abin ya fara. In na tashi da asuba murya a dishe, sai rana ta ɗaga take washewa. Na saba da haka duk shekara in ƙura ta sauko, nakan tauna citta in ci gaba. Wannan karon hunturu ya wuce, dishewar ba ta wuce ba. Sai ga korona, aka kulle Kumasi da Accra ranar 30 ga Maris 2020 har mako uku, harkoki suka tsaya, ba talla sai 'yar sanarwa. Hutun dolen nan ya sa muryar ta ɗan dawo, na ce alhamdulillahi an wuce wurin. Da aka buɗe gari kowa na neman ya mayar da asararsa, aiki ya taso mini ta ko'ina, ga kuma zaɓen Disamba ya matso. 'Yan siyasa ba sa son abin da aka ɗauka a memori, sun fi son mutum a bayan mota yana kiran sunayen unguwanni da na manyansu. Duk wanda ya biya na hau motarsa, tun hantsi har bayan isha'i. Bashi na kaina, ga kuɗin haya ya ƙarato, kuma kun san masu gidajen nan, na shekara biyu suke so a dunƙule.

Bayan zaɓe da 'yan watanni, wata asuba aka kawo mini sanarwar rasuwar wani dattijo maƙwabcinmu. Na kunna na'ura, na yi sallama da ƙyar, na fara innalillahi, ban kai ƙarshe ba sauti ya yanke. Bakina na motsi, iska ce kawai ke fita, lasifika huɗu suna watsa hucina a kan unguwa. Na yi gyaran murya, na sake, babu. Ɗan mamacin na tsaye a bakin kiyos yana kallona. Yaron da ke share mini wuri na miƙa wa takardar, shi ya karanta lokacin jana'iza yana in'ina.

Kafin azahar labari ya zaga zango, kafin magariba magunguna sun fara isowa. Mutumin da ya yi shekaru yana tallan masu magani ba ya rasa magani. Zuma da lemun tsami, citta da kanumfari da masoro, kimba, tafarnuwa, man shanu a ruwan zafi, garin da ake lasa, wanda ake turarawa a lulluɓa da bargo, wanda ake kurkure baki. Kowa da nasa, kowa da rantsuwa cewa kwana uku ya yi yawa. Yawancinsu da zuciya ɗaya suka kawo, ban manta ba. Wani kuwa cewa ya yi in na warke in yi masa shaida a lasifika, ya riga ya rubuto abin da zan faɗa. Tagar ɗakina ta cika da kwalabe. Wasu suna sanyaya maƙoshi na ɗan lokaci, wani ya ƙone min harshe, muryar dai tana inda take: in na matsa ta fito a shaƙe, kalma biyar shida, ta sake ɗaukewa.

Daga nan maganar ta juya. Aka ce ai ba ciwon Allah da Annabi ba ne, hannu aka sa mini. Har sunan wanda ake zargi aka kawo, wani yaro da ya buɗe irin wurina a gaba da mu. Ranar da 'yan uwana suka taru suna shawarar inda za a je a karya abin, maiɗakina ta leƙo ta ce, "Maigida, yaron nan da ake faɗa shi ya aiko mana da shinkafa jiya. A bar maganar nan." Aka bar ta a gabanta, amma a waje ta ci gaba da yawo.

Masu ba ni aiki suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Ban riƙe kowa a zuciya ba, mai tukwane ba zai jira maƙogwarona ya warke ba alhali yaransa na jiran abinci. Na sayar da babur, daga baya na sayar da kaho biyu cikin huɗu. Maiɗakina ta fara dafa wake da shinkafa tana sayarwa a ƙofar gida, matar da tun da na aure ta ba ta taɓa zama bakin titi ba. Allah ya taimake mu babbar 'yata ta shiga sakandare a lokacin da karatun ya zama kyauta, tsarin da aka fara a 2017, in ba haka ba da ta zauna gida. Shekarar 2022 kuwa kowa ya san yadda ta kasance, sidi na faɗuwa, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Abin da ka saya da safe ba shi ne farashinsa da yamma ba.

Amma rashin kuɗi bai ci ni kamar yadda shirun ya ci ni ba. Zango wuri ne na gaisuwa. Daga gida zuwa masallaci sai ka amsa sallama goma, kowace da jelarta, ina gajiya, ina iyali, yaya kasuwa. Ni sai dai in ɗaga hannu in yi murmushi. Wanda bai sani ba ya ce girman kai na fara. Wanda ya sani ya riƙa ɗaga murya yana yi mini magana a hankali, sai ka ce kunnen ne ya mutu. A majalisa ana gardama, magana na bakina, na san amsar, kafin in tattaro iska an wuce wurin. Na daina zuwa. A gida yara na faɗa a tsakar gida, da tsawa ɗaya nake raba su, yanzu sai na taso na je na kama hannu. Ƙaramin har ya gane cewa in ya yi nisa ba ni da yadda zan kira shi. A sahu liman ya kai waladdallin, masallaci ya ɗauki amin, tawa ba ta fita. Abin da ya fi duka ciwo, in na ratsa kasuwa har lokacin tsofaffin lasifikokin nan na rataye suna tallan sabulu da muryata, garau, ni kuma ina wucewa ta ƙarƙashinsu ba na iya ce wa mai lemu nawa. Akwai daren da na zauna bakin gado na yi kuka, kukan ma babu sauti. Maiɗakina ta ji gadon na girgiza ne ta farka.

Wadda ta karkatar da ni zuwa asibiti mai magani ce, abin da har yau nake jinjinawa. Wata tsohuwa ce da na daɗe ina yi wa tallan maganin shawara da na mata masu jego, ba ta taɓa cewa in ƙara gishiri a maganarta ba. Na je gaishe ta, ta sa na zauna a tabarma, ta tambayi tun yaushe. Na nuna mata da yatsu. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗana, abin da zuma da citta za su iya, da sun yi tuni. Wannan ba namu ba ne, na masu leƙawa ciki ne. Ka tafi Gee." Haka mutanen Kumasi ke kiran asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Na rubuta mata a ƙasa da yatsa cewa tsoro nake ji, don na taɓa ganin wanda aka huda wa wuya. Ta ce, "In ma shi ne, gara a gani da wuri." Ta kwance bakin zaninta ta ba ni kuɗin pragiya, wato keke mai ƙafa uku, na ƙi, ta ce in ban karɓa ba kada in sake taka gidanta.

'Yata ta sabunta mini katin inshorar lafiya ta waya, muka je sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Likitan ya tambayi sana'ata, 'yata ta faɗa masa, ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko ina shan taba, na girgiza kai. Aka fesa mini wani abu a hanci, aka zura siririyar igiya mai fitila da kyamara ta hancin har maƙoshi, ya juyo da allon na'urar ya ce in kalla. A ranar na fara ganin abin da na yi shekaru ina ci da shi: wasu 'yan tantani biyu farare, suna buɗewa in na ja numfashi, suna haɗuwa in na yi ƙoƙarin cewa "iii". A gefen ɗaya akwai wani ɗan ƙari da ya hana su haɗuwa, ta nan iskar ke zurarewa. Ya ce yawan ihu ne ke jawo shi, kamar yadda fartanya ke sa kanta a hannun manomi. Ya ce babu abin sha da zai narkar da irin wannan da ya riga ya girma, sai an cire, kuma za a kai shi ɗakin gwaji a tabbatar ba mugun ƙari ba ne. Ya ƙara da cewa duk babban mutumin da muryarsa ta dishe ta haura 'yan makonni ba ta dawo ba, ya kamata a leƙa, musamman mai shan taba, don ciwon dajin maƙogwaro ma da haka yake farawa.

Kuɗin aikin ya fi ƙarfina. Ban roƙi kowa ba, ba ni ma da bakin roƙo. Wani mai walda ne ya ji, ya zaga wurin 'yan uwansa masu aikin hannu, tela, kafinta, mai gyaran firji, mai gyaran famfo, mutanen da ke cikin littafin nan nawa. Suka zo da dare da kuɗi a leda, yawanci ƙananan takardu. Mai waldan ya ce, "Yaya, rabin gidajen da nake wa ƙofa kai ka shigar da ni." Manyan masu maganin da suka fi kowa biyana a da, ban ga ƙeyar ko ɗaya ba.

Ta baki aka yi aikin, ina barci, ba a yanka wuyana ba. Sakamako ya fito ba daji ba ne. Sai dokar da ta fi aikin wuya: ba magana, ba gyaran murya, ko raɗa an hana, don ashe raɗa ma tana wahalar da wurin. Na koma rubutu. Maiɗakina ba ta yi boko ba, da ajami nake rubuta mata, yara kuma da boko. Har dariya abin ya riƙa ba mu, in na yi fushi kafin in gama rubutawa fushin ya huce.

A cikin wannan zaman ne na lura da wani abu. Mutane ba su daina zuwa ba. Wata ta zo ta ce firjinta ya daina sanyi, wa zan ba ta. Wani bene yake ɗorawa yana neman mai ɗaurin rodi da ba zai sace masa ƙarfe ba. Wata aurar da 'ya za ta yi, tana so ta san wa ke da tukwane da kuloli masu kyau da ba zai tsuga mata kuɗi ba. In buɗe littafi in rubuta musu lamba a 'yar takarda. 'Yata ce ta ce, "Baba, wannan fa shi ne aikin, kyauta kake yinsa." Ta buɗe mini WhatsApp a wayarta kafin in samu tawa, ta haɗa zaure na mutanen unguwa, muka fara saka hoton aikin da mutum ya gama da inda yake. Mai sana'a ya biya ɗan abin wata ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Lokacin ana cire harajin E-levy, kowa sai ya yi mita kafin ya tura.

Mutanenmu sun fi son saurare a kan karatu, saƙon murya ya fi rubutu tafiya. Don haka na ɗauko yaron nan da ya karanta sanarwar jana'iza yana in'ina, na zaunar da shi. Ni ke tsara magana, shi ke faɗa. Ina buga tebur in ya yi sauri, ina nuna masa inda zai ja numfashi, inda zai sauke murya kafin ya faɗi farashi. Yanzu ya fi ni a wasu wuraren, Twi ɗinsa ya fi nawa tsabta. Na hana shi ihu, na ce na'ura aka yi don ta yi ihun. Gorar ruwa ba ta barin gabansa, kuma in hunturu ya shigo rabin aiki yake yi ko ya so ko bai so ba.

Muryata ta dawo, amma ba waccan ba. Ta yi kauri, ba ta hawa sama, in na yi doguwar hira sai ta fara karcewa, in yi shiru. Tana isa ta gaisuwa da amin da kiran yaro daga tsakar gida. Kaho biyun da suka rage suna nan a kan ƙarfe, sanarwar rasuwa har yau kyauta ce.

Abin da ke shigowa bai kai na da ba, musamman da na rage tallan magani. Mai magani in ya zo, lambar rajistar FDA nake fara nema a jikin kwalba, sannan takardar amincewa da tallan. In babu, mu sha shayi mu rabu lafiya. In kwalba ɗaya ce ke maganin basir da sukari da rashin haihuwa da ciwon ido, ko da takarda ba na so, na zauna da irinsu a taga na ga iyakarsu. Aikin da ya fi yawa yanzu na 'yan kasuwar da aka tasa ne. Tun da aka rushe tsohuwar babbar kasuwa don sabon gini mutane suka warwatsu, wasu Race Course, wasu Abinkyi, wasu cikin unguwanni, ga gobarar Kejetia ta Maris 2023 ta ƙara tarwatsa wasu. Mace ta yi shekara ashirin tana sayen kwanuka wurin mutum ɗaya, yanzu ba ta san inda ya koma ba. Mu muke haɗa su. Littafin ya cika na sayi na biyu, 'yata na ta fama in bari ta mayar da shi cikin kwamfuta, na ce ta mayar amma na takardar yana nan.

Har yanzu sai na je na ga aiki kafin in saka mutum, kuma ina cire suna in ƙorafi ya maimaitu, ko ɗan uwana ne. Telan da ya zo mini bayan goma ga azumi ba na karɓar tallansa ko nawa zai biya. Ɗinkin da ke gabansa ma ba gamawa zai yi kafin salla ba, kuma ranar jajibere ni mata za su zo su tsare a kiyos.